Askar wanzami: yadda ake ƙera ta, wasa ta da tsabtace ta

Aska ƙaramar wuƙa ce mai tsananin kaifi wadda wanzami ke aske gashin kai da gemu da ita. Duk inda Hausawa suka kafa zango, tun daga Kumasi da Lome har zuwa Yawunde, da wuya a yi suna ba a kira wanzami ba, domin shi ke aske gashin da jariri ya zo da shi duniya a rana ta bakwai. Haka abin yake a Kwatano (Cotonou), cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, inda unguwannin Zongo da Tokpa-Hoho ke cikin gunduma ta biyar ta birnin, kusa da mashigin ruwan da ya haɗa tafkin Nokoué da teku, ba nisa da kasuwar Dantokpa.

Ingancin aska ya dogara ne a kan ƙarfen da aka zaɓa, da yadda maƙeri ya ba shi wuta, da dutsen da aka wasa ta a kai. Sai dai a yau akwai sharaɗi na huɗu, wato tsabta, domin askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar cuta zuwa kan wani, komai kaifinta.

Yadda aska ta bi fatake

Kalmar Zongo ta fito ne daga "zango" ta Hausa, wato wurin da ayarin fatake ke sauka. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan ratsa arewacin Benin ta yau, ta Nikki da Parakou da Djougou, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Tare da su malamai da mahauta da maƙera da wanzamai suka yi ta tafiya, wasu suka zauna a hanya. Alamar hakan ta rage a bakin mutane: a Gana har gobe "wanzam" ake ce wa mai yin kaciya ta gargajiya, ko da ba Bahaushe ba ne. A garuruwan ƙasar Hausa da zangunan da ke da sarauta, shugaban wanzamai shi ne Sarkin Aska, kuma sana'ar galibi gado ce daga uba zuwa ɗa.

Ƙira ma tsohuwar sana'a ce. Tarihin Kano ya danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zauna kusa da dutsen Dala saboda tama. Ana raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, su ke yin fartanya da lauje da wuƙa da aska, sai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Askar waje kuma ta daɗe da shigowa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, cikinsu har da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus da asake daga yankin Sitiriya na ƙasar Ostiriya, waɗanda ake kawowa ta hamada. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, tsofaffin ƙarafa na waje suka yawaita, narka tama ya yi ta ja da baya har ya ɓace. Masanin Hausa Philip Jaggar ya rubuta littafi a 1994 a kan yadda maƙeran birnin Kano suka bi da sauye-sauyen ƙarni na ashirin.

Siffarta da abokan tafiyarta

Askar gargajiya galibi ƙarfe guda ce: gaba mai ɗan faɗi inda kaifi yake, baya kuma siririn mariƙi. Akwai kuma mai naɗewa, irin ta Turai, wadda bakinta ke shiga cikin ƙota, wadda da Faransanci ake yi wa laƙabi da coupe-chou. Wanzami yana ajiye asakensa a zabira, jakar fata mai aljihuna, tare da ƙaho da almakashi da hantsaki da ƙaramin dutsen wasawa da guntuwar fata.

Abin da ya bambanta aska da wuƙar girki shi ne sirantakar baki. Kusurwar bakin wuƙar girki takan kai digiri 30 zuwa 40 idan aka haɗa ɓangarorin biyu, ta aska kuwa wajen digiri 15 zuwa 17 ce. Wannan ne ya sa take yanke gashi ba tare da ja ba, kuma shi ne ya sa ƙaramin kuskure a wuta ko a dutse ke lalata ta.

Zaɓen ƙarfe

Ba kowane ƙarfe ne ke riƙe kaifi ba. Wanda ake buƙata shi ne mai isasshen sinadarin kabon, daga wajen kashi 0.6 zuwa 1.2 cikin ɗari na nauyinsa. Rodin gini da ƙusa da ƙarfen ƙofa ba su da isasshen kabon, ko an ba su wuta an tsoma a ruwa ba sa yin taurin da aska ke so. Maƙera sun fi neman abubuwa biyu a wurin masu tsofaffin ƙarafa: tsohon magagari, wanda kabon ɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin ɗari ko ya ɗan wuce, da sifirin ɗin mota mai falle-falle, wanda nasa bai kai haka ba. Magagari ya fi ba da kaifi mai laushi, amma ya fi saurin tsagewa a hannun wanda bai ƙware ba. Sifirin ya fi juriya, sai dai bakinsa ya fi saurin dakushewa, kuma dole a duba shi da kyau domin tsohon sifirin yakan ɓoye ƙananan tsagogi.

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗora ƙarfen a kan injin wasawa a dubi tartsatsinsa. Mai yawan kabon yana fitar da tartsatsi mai rassa da yawa, yana fashewa kamar ƙananan taurari. Mai ƙarancin kabon kuwa tartsatsinsa dogaye ne miƙaƙƙu, ba rassa sosai.

Aiki a maƙera

Kayan aikin ba su canja sosai ba: uwar maƙera, masaba, muntalaga, awartaki, zugazugi da magagari. Maƙeran ƙasar Hausa sun fi son gawayin ƙirya saboda nauyinsa da zafinsa da jinkirin cinyewarsa.

Mataki na farko shi ne tausasa ƙarfen. Ana hura masa wuta har ya yi ja, sannan a binne shi cikin toka ya huce a hankali, yawanci ya kwana. Wannan yana cire tsohon taurin da ke jikinsa yadda magagari zai iya cin sa. Idan tsohon magagari ne ake sarrafawa, ana goge haƙoransa tukuna, in ba haka ba dukan masaba zai nutsar da su cikin ƙarfen su zama mafarin tsaga.

Na biyu shi ne dukan siffa. Ana ɗumama shi ya yi ja mai haske, a buga a kan uwar maƙera, a miƙar da mariƙi, a faɗaɗa gaba, a sirantar da gefen da zai zama baki. Da zarar jan ya dushe sai a mayar wuta, domin dukan ƙarfe mai kabon bayan ya huce yana fasa shi daga ciki. Zafin da ya wuce kima ma illa ne: idan ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi a cikin wuta, ya ƙone, ba zai ƙara yin aska ta kirki ba.

Na uku shi ne gyara da magagari. A nan ake daidaita faɗi da kauri. A aska mai kaurin baya, ƙa'idar da masu ƙira ke bi ita ce faɗin ya ninka kaurin bayan sau uku da rabi zuwa huɗu. Misali, aska mai faɗin milimita 20 tana son baya mai kaurin milimita 5 zuwa 6, shi ke ba da kusurwar da aka ambata idan an kwantar da ita a kan dutse. Ba a kai bakin ga kaifi a wannan mataki. Ana barin sa da kaurin wajen milimita ɗaya, domin baki siriri yakan lanƙwashe ko ya tsage wajen tsomawa.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne taurarawa. Ana ɗumama bakin daidai wa daida zuwa wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyos. Wanda ba shi da ma'auni yana iya amfani da maganaɗisu: ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, saboda haka idan ya daina kamawa, sai a ɗan ƙara masa wuta kaɗan. An fi gane launin wuta a inuwa, shi ya sa ba a yin wannan aiki a tsakiyar rana a fili. Daga nan sai a tsoma shi nan take, a miƙe, cikin mai ko ruwa. Ruwa ya fi saurin sanyaya shi, ya fi kuma saurin fasa shi. Mai, kamar man gyaɗa mai ɗan ɗumi, ya fi sauƙi ga siririn ƙarfe. Idan aikin ya yi, magagari zai riƙa zamewa a kan bakin ba tare da ya ci shi ba.

Na biyar shi ne rage masa gautsi. Ƙarfen da ya fito daga tsomawa yana da tauri kamar gilashi, yana kuma karyewa kamar gilashi. Ana goge shi ya yi haske, a ɗumama shi a hankali daga baya, ana kallon launin da ke bin jikinsa. Idan bakin ya yi launin busasshen kara, wato wajen digiri 220 zuwa 230, sai a tsayar a sanyaya. Idan aka bari ya yi shuɗi, wajen digiri 300, ya yi laushi da yawa ga aska, sai an sake taurarawa.

Bayan wannan ne ake sirantar da bakin. Mai amfani da injin wasawa na lantarki dole ya riƙa tsoma askar a ruwa a kai a kai, domin daƙiƙa kaɗan na zafi sun isa su mayar da bakin shuɗi, aikin yini guda ya tashi a banza.

Wasawa a kan dutse

Wasawa tana tafiya ne daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi. Duwatsun kanti suna ɗauke da lamba: 1000 na kafa baki, 4000 na share zanen da na farko ya bari, 8000 zuwa sama na gogewar ƙarshe. A Turai an daɗe da sanin wani dutse mai launin rawaya da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam, mai suna coticule, saboda ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa masu cin ƙarfe a hankali. Wanzamai kuwa sukan riƙe ƙaramin dutse mai santsi na tsawon shekaru, wani ma gadonsa aka yi. Wanda bai samu ko ɗaya ba yana iya shimfiɗa takardar goge fentin mota mai lamba 1000 zuwa 2000 a kan gilashi, ya jiƙa ta da ruwa, sannan ya ƙarasa a kan fata.

Dole fuskar dutsen ta zama a shimfiɗe. Dutsen da tsakiyarsa ta lotsa yana lanƙwasa bakin aska. Ana jiƙa shi da ruwa, ko da mai idan na mai ne, amma ba a sa wa dutsen ruwa mai. Aska mai kaurin baya ana kwantar da ita baya da baki su taɓa dutse tare. Siririyar askar gargajiya kuwa ana ɗan ɗaga bayanta, kuma gwanintar wanzami ita ce riƙe wannan kusurwa ba canji daga farko zuwa ƙarshe. Ana tura ta baki na gaba, kamar za a feƙe fuskar dutsen, a juya ta ta kan bayanta, a dawo da ɗaya gefen, kowane gefe adadi ɗaya. Nauyin hannu yana raguwa yayin da ake matsawa zuwa dutse mai laushi, a ƙarshe nauyin askar kaɗai ya isa.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne barin dutsen farko da wuri. Idan ɓangarorin biyu ba su haɗu a baki ba, dutse mai laushi zai sa askar ta yi ƙyalli ne kawai ba kaifi. Ana ganewa ta hanyar duba bakin a ƙarƙashin haske: baki mai kaifi ba ya mayar da haske, duk inda aka ga ɗigon ƙyalli to wurin bai wasu ba. Gwajin ƙarshe shi ne ta aske gashin hannu ba tare da an danna ba.

Aikin fata

Fata ba ta cin ƙarfe kamar dutse. Aikinta shi ne miƙar da siririn bakin da ya ɗan karkace da share abin da dutse ya bari. A kan fata ana jan aska ne baya na gaba, baki na biye, akasin yadda ake yi a dutse, in ba haka ba za ta yanke fatar. Ana yin haka kafin kowane aski, dutse kuwa sai lokacin da fata ta daina dawo da kaifi. Gashi yana cin ƙarfe fiye da yadda ake zato. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa a 2020 ya nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfe laushi wajen sau 50, yana ɓantare ƙananan gutsattsari daga bakin reza idan ya lanƙwasa yayin yanka. Shi ya sa jiƙa gashi sosai da ruwa da sabulu kafin aski ke tsawaita ran aska, ya kuma rage wa mai aski zafi, musamman idan aski ya zo gaban goshi.

Tsatsa a bakin teku

Ƙarfen da ya fi ba da kaifi shi ne ya fi saurin tsatsa. A Kano ko Maraɗi, lokacin hunturu, danshin iska yakan sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, aska tana iya zama a zabira makonni ba abin da ya same ta. A Kwatano, wadda ke tsakanin teku da tafki, danshin yakan kai kashi 80 a mafi yawan watannin shekara, ga gishirin iskar teku, ga damina biyu. Haka yake a Lome da Legas da Abijan. Tsatsa tana fara cin wuri mafi siranta, wato baki, ta bar ƙananan ramuka da ke yagar fata, datti kuma ya maƙale a cikinsu. Maganin shi ne a busar da aska sarai bayan wanki, a shafa mata ɗan mai idan za a ajiye, kada kuma a bar ta kwana da kwanaki cikin zabira mai laima, domin fata tana riƙe danshi.

Jini da tsabta

Ko gwanin wanzami yakan ɗan yanki fata, wani lokaci yankan da ido ba ya gani. Cutar hanta nau'in B da nau'in C da ƙwayar HIV duk suna bin jini. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Jariri ya fi kowa shiga haɗari: cikin jarirai goma da suka kamu, wajen tara za su rayu da cutar har girma, alhali a manya ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Akwai kuma cutar tetanus mai sa sarƙewar haƙora, wadda ke shiga ta rauni daga kayan aiki masu datti.

Wasawa ba ta kashe ƙwayar cuta, haka ma shafa aska a fata ko a tafin hannu. Hasali ma fata da zabira ba sa dafuwa, saboda haka su ke riƙe datti. Tsarin da ya dace shi ne a wasa, a shafa a fata, a wanke da sabulu, sannan a dafa, daga nan kada ta sake taɓa fata ko dutse sai an gama da wanda za a yi wa aski. Tafasa ta minti 20 a ruwa yana kashe ƙwayoyin cutar hanta da HIV, kuma ba ya taɓa taurin ƙarfe, tunda ruwa a digiri 100 yake tafasa, ƙasa da zafin da maƙeri ya rage mata gautsi da shi. Tukunyar tururi ta asibiti, mai kaiwa digiri 121, ta fi tafasawa domin tana kashe har ƙwayoyin da ke jure ruwan zafi. Ruwan Javel yana kashe cuta, amma yana cin baƙin ƙarfe, dole a ɗauraye a busar nan da nan. Wuce baki ta harshen wutar ashana ko laita kuwa asara biyu ce: ba ya tabbatar da tsabta, yana kuma iya tausasa bakin.

Wasu ayyukan da aka san aska da su a dā doka ko likitoci sun hana. Benin da Nijar sun haramta kaciyar mata a 2003, Nijeriya ma ta yi haka a dokar tarayya ta 2015. Likitoci kuma suna gargaɗi a kan cire belu saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Tsakanin aska da reza

A Turai garuruwan Sheffield na Ingila da Solingen na Jamus da Thiers na Faransa ne suka yi suna wajen ƙera aska. Kasuwarsu ta faɗi bayan da Ba'amurke King Camp Gillette ya samu rajistar rezarsa mai sauyawa a 1904, amma kamfanoni irin su Thiers-Issard, da aka kafa a 1884, da Dovo, da aka kafa a 1906, sun ci gaba da ƙira. A zangunan Afirka ta Yamma ma reza, wadda masu Faransanci ke ce wa lame, ta shiga zabira. Wanzamai da yawa yanzu suna sa sabuwar reza a mariƙi mai siffar aska, su jefar bayan kowane mutum.

Askar ƙira tana da sauran muhalli inda mutum ɗaya ne ke amfani da ita, ko inda wanzami ke da asake da yawa da ya dafa tun daga gida, kowane kai da tasa. Mai saye ya dubi miƙewar baki, ya nemi tsaga ko shuɗin launi kusa da kaifi, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ya ji ko tana da ƙara mai tsabta. Iyayen da ke shirin suna kuwa suna da haƙƙin tambayar wanzami yadda ya tsabtace askarsa, ko su miƙa masa sabuwar reza a buɗe a gabansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar a yi wa kowane jariri allurar rigakafin cutar hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, wato kwana shida kafin ranar askin suna.